Amsoshin Tambayoyinku: Gansakuka, Jiji da Ƙarangiya a Ciyawar Tsakar Gida

Tun da marka ta kankama a watan Agusta, yawancin wasiƙun da ke isowa wannan fili sun karkata ga magana ɗaya, wato ciyawar ado da ake dasawa a farfajiyar gida, da abubuwan da ke tsirowa a cikinta ba tare da kowa ya shuka su ba. Na zaɓi biyar daga Katsina da Daura, na rage tsawonsu, saboda abin da ya dami waɗannan masu karatu shi ne ya dami sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da na dasa ƙiri-ƙiri a farfajiyar gidana. Tsakiyar filin yana nan lafiya lau, amma gefen katanga, inda bishiyoyin bedi biyu suke, kuma inda indararo ke zuba, ciyawar ta yi ta raguwa har gansakuka ta rufe ƙasar. Wurin ya yi santsi ƙwarai, har mahaifiyata ta kusa faɗuwa a hanyarta ta zuwa alwala. An kankare ta, ba a yi mako biyu ba ta dawo. Wasu sun ce in barbaɗa gishiri, wasu sun ce baƙin mai. Wanne ya fi? Daga wani magidanci a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kiyaye gaba. Ina roƙonka ka ajiye shawarwarin nan biyu gaba ɗaya. Gishiri zai ƙone koren da kake gani, amma zai zauna a cikin ƙasa ya hana saiwar ciyawa shan ruwa, kuma a gari irin Katsina, inda ruwan sama na shekara guda bai cika wuce milimita 600 da wani abu ba, babu wadataccen ruwan da zai wanke shi da wuri. Baƙin mai kuwa guba ne, yana toshe ƙasa, kuma ruwa na iya jan sa ya kai shi rijiyarka ko ta maƙwabcinka.

Abin da ke rufe ƙasa a irin wannan wuri iri biyu ne. Akwai mai yauƙi, kore ko baƙi-baƙi, wanda idan rana ta buga shi yake bushewa ya zama ɓawo mai tauri a saman ƙasa, kuma shi aka fi samu a yankinmu. Akwai kuma mai laushi, mai gashi-gashi, wanda ya fi son gindin katanga da bulon da bai taɓa bushewa ba. Dukansu ba su da saiwa ta gaskiya, ta jikinsu suke shan ruwa, kuma iska ce ke ɗaukar ƙananan ƙwayoyin haihuwarsu tana yaɗawa ko'ina. Shi ya sa kankarewa ba ta yi maka amfani ba: muddin wurin yana jiƙe, yana cikin inuwa, kuma ƙasarsa a buɗe take, wasu ƙwayoyin za su sauka su kama. Ka lura da jerin abin da ka faɗa da bakinka, ciyawar ce ta fara raguwa, sannan gansakuka ta biyo baya. Ba ita ta kashe ciyawar ba, wurin da ciyawa ta bari ta mamaye, ko da yake ɓawon da take yi yana ƙara dagula lamarin, domin yana hana ruwa da iska ratsa ƙasa.

Saboda haka abin tambaya shi ne dalilin raguwar ƙiri-ƙiri a wannan gefe, kuma wasiƙarka ta nuna dalilai biyu, ina kuma zaton akwai na uku. Na farko inuwa. Ƙiri-ƙiri na jure zafi da fari da tattakawa fiye da yawancin ciyayin ado, amma ba ya jure inuwa, yana buƙatar aƙalla sa'o'i 6 na rana kai tsaye. Ka zaɓi ranar da kake gida kuma gari ya yi wasai, ka riƙa leƙa wurin daga hantsi zuwa la'asar, ka ga iya lokacin da rana ke taɓa ƙasar. A watan Agusta rana kusan a tsakar ka take wucewa a Katsina, don haka inuwar da ke damunka yanzu ta bishiyoyi ce da ta katangar gabas da ta yamma, waɗanda ke tare ranar safe da ta yamma. Da hunturu kuwa rana za ta karkata kudu, inuwar kowace katanga ta miƙe zuwa arewacinta.

Na biyu ruwan indararo. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a marka, zai zubo da lita 3,000, kuma idan duk wannan ruwa yana sauka a lungu ɗaya babu ciyawar da za ta rayu a wurin. Ka sa a haɗa indararon da bututu zuwa tanki, ko a gina masa 'yar magudana ta siminti zuwa rariya. Haka kuma ka binciki mai kula maka da lambu, domin da yawansu sun saba da ban ruwa safe da yamma, ba sa dainawa ko da damina ta yi nisa. Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba a ajiye tiyo, sai fa idan an yi mako guda cur ba ruwa.

Na uku, hanyar zuwa wurin alwala hanya ce da ake bi sau da yawa a yini, kuma ƙasar da ake takawa tana jiƙe tana daɓewa. Ka jira ta tsane, ta zama mai danshi ba caɓi ba, sannan a kankare ɓawon da manjagara a kwashe. A samo guntun rodi mai tsini a bi wurin ana huda ramuka masu zurfin santimita 10 zuwa 15, tazarar taƙi guda tsakaninsu, a cika su da yashi mai gwari-gwari wanda aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. Inda ƙasa ta lotsa a cike ta yadda ruwa ba zai kwanta ba, wanda kuma zai rage muku sauro. Hanyar da Hajiya ke bi kuwa a shimfiɗa mata bulo ko fale-falen siminti masu kaushi, kada a sake dasa ciyawa a kanta. Inda rana ke samu sosai sai a yanko jijiyoyin ƙiri-ƙiri daga tsakiyar filin a dasa tun kafin ruwa ya ɗauke, domin su kama.

Akwai sinadarin ƙarfe da ake kira feros salfet, wanda ke baƙanta gansakuka mai gashi ya kashe ta cikin 'yan kwanaki ba tare da ya kashe ciyawa ba, sai dai yana bar wa tayil da siminti tabon tsatsa mai wuyar fita, kuma idan ba a gyara ruwa da inuwa ba za ta dawo a damina mai zuwa.

Saura maganar bedi, kuma a nan ra'ayina a fili yake. Ka rage rassansa na ƙasa domin iska da hasken safe su shiga, amma kada ka sare shi saboda ciyawa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, inuwar bishiyoyin nan biyu ta fi wa iyalinka amfani nesa ba kusa ba. Ƙarƙashinsu a zuba tsakuwa ko yashi mai tsabta, a mai da shi wurin shimfiɗa tabarma. Masu sayar da furanni za su iya nuna maka ciyawar kafet mai faɗin ganye, wadda ta fi jure inuwa, amma ciyawa ce ta ƙasashe masu laima, saiwarta ba ta nisa, kuma ruwan da za ta nema a bazarar Katsina zai gajiyar da kai.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Akwai wata ciyawa mai sheƙi da ta cika mini fili. Idan an yi yanka, kwana uku ta riga sauran tsawo. Yarana suna tuge ta kullum amma kamar ƙara ta ake yi, kuma wani lokaci takan fito da wata baƙar ƙwaya mai ƙamshi a gindinta. Ta fara ne bayan da aka kawo mana tifa ɗaya ta baƙar ƙasa daga fadama. Daga wata uwargida a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, lafiya lau, Allah ya raya zuri'a. Wannan jiji ne, wasu kuma na ce masa aya-aya, ɗan'uwan aya da kajiji. Idan kina son tabbatarwa, ki murza karansa tsakanin yatsu, za ki ji yana da kusurwa uku, alhali karan ciyawa ta gaskiya zagayayye ne ko mai faɗi. Masana sun daɗe da sa shi a sahun farko na ciyayin da suka fi addabar noma a duniya, domin yana damun manoma a ƙasashe sama da 90, saboda haka kada ki ga laifin yaran.

Ƙarfinsa yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙwayoyin nan da kike gani a jere suke kamar ƙwayoyin carbi, wata siririyar jijiya ta haɗa su, yawancinsu a cikin santimita 15 na saman ƙasa, wasu kuma sun fi haka zurfi. Muddin jerin yana haɗe, ƙwayar da ke kan gaba ce ke tsiro, sauran suna kwance. Idan aka fizgi ganyen, jijiyar ta tsinke, sai waɗanda ke kwance su farka, kowace ta fito da nata tsiro. Abin da idonki ya gani gaskiya ne, fizga ta lokaci-lokaci ƙara shi take yi. Kuma zarginki a kan ƙasar fadama daidai ne, domin jiji ɗan wuri mai danshi ne, kuma a cikin irin wannan ƙasa ƙwayoyinsa ke shiga gidaje. Duk wanda zai sayi baƙar ƙasa, ya jibge ta a gefe, ya jiƙa ta mako biyu ko uku ya ga abin da zai tsiro, kafin ya baza ta.

Idan wuraren da ya kama ba su da yawa, a haƙa kowanne da diga ko shebur har zurfin santimita 30, a tankaɗe ƙasar da rariyar magina, a tsince ƙwayoyin duka, a shanya su a kan siminti su bushe ƙayau sannan a ƙone. Kada a zuba su a juji ko cikin tarin taki. Inda ba a son a ɓata ciyawar da haƙa, akwai hanyar haƙuri: a riƙa cire kowane tsiro kafin ya kai ganye biyar ko shida, domin daga nan ne yake fara ajiye sababbin ƙwayoyi. Kowane tsiro da ƙwaya ta fitar yana cin abincin da ta adana, idan kuma ana cire shi duk bayan mako biyu ba fashi, ƙarfinta zai ƙare. Bambancin wannan da abin da yaranki ke yi shi ne rashin fashi, kuma aikin yakan ɗauki damina guda ko biyu.

Idan kuwa ya cinye filin har ya fi ciyawar yawa, to, bazara ce makaminki, domin ƙwayar jiji ba ta jure bushewa. A daina ban ruwa a watan Maris, a kafce filin da zurfi a juyo ƙwayoyin sama, a bar su a rana mako biyu, a sake juyawa, a maimaita har sau uku ko huɗu. Wasu kuma sukan jiƙa ƙasar sosai su rufe ta da farar leda wadda ake ganin abu ta cikinta, su binne gefunanta, su bar ta mako 4 zuwa 6 a tsakanin Afrilu da Mayu. Farar leda nake nufi, domin tsinin jiji yana huda baƙa ya fito, amma a ƙarƙashin fara yana ganin haske sai ya buɗe ganye, zafi ya dafa shi. Wannan ba ya kai wa ga ƙwayoyin da suka yi zurfi, don haka bayan an sake dasa ciyawa da ruwan farko sai an ci gaba da sa ido.

Game da magani, wanda ake kira 2,4-D yawanci ganyen kawai yake ƙonewa. Wanda aka yi domin jiji, wanda kuma ba ya cutar da ƙiri-ƙiri, shi ne mai ɗauke da sinadarin halosalfuron. Idan ba a same shi ba, saurin tsawon jiji yana ba da wata dama: kwana huɗu ko biyar bayan yanka, lokacin da ya ɗara sauran, babban mutum sanye da safar hannu ta roba zai iya shafa wa ganyensa maganin gilayfoset, mai kashe kowace irin ciyawa, da ɗan soso, ba tare da ya ɗiga a kan ciyawar ba. Wannan ba aikin yara ba ne, kuma a hana su shiga filin sai ya bushe sarai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Babanmu ya ɗora mini kula da ciyawar gidanmu, amma ƙarangiya da tsidau sun hana ƙannena wasa a kai, tayar kekena ma ba ta kwana biyu ba faci. Daga wani ɗalibi a Barhim.

AMSA: Barka kadai, ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan hidima. Taka ta fi ta sauran sauƙi, domin ƙarangiya da tsidau duk shekara suke mutuwa, ta iri kaɗai suke dawowa, kuma ƙayar da ke sukan ƙannenka ita ce kwanson irin. Ƙarangiya a tuge ta tun kafin ta fitar da kai. Tsidau, mai shimfiɗuwa a ƙasa da ɗan fure rawaya, saiwarsa guda ce mai nutsawa, don haka ka tattara rassansa a hannu ɗaya ka yanke saiwar da wuƙa ko fartanya a ɗan ƙasa da gindin, kuma ka yi haka da zarar ka ga fure, domin ƙayarsa ba ta daɗewa bayan fure. Waɗanda suka riga suka zuba, ka ja tsohon buhun algarara ko tsohon bargo a kan filin domin ƙarangiya, ka kuma bi wurin tsidau kana danna guntun katifar soso, za su maƙale, sai ka ƙone. Irin tsidau yana iya kwana a ƙasa shekaru da dama, saboda haka za ka sake ganin sa baɗi, amma zai ragu ƙwarai idan ba ka bari ko ɗaya ya zubar da sabo ba bana.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani abokina manomi ya ba ni ragowar maganin ciyawa a cikin robar lemo, na fesa wa filina domin in kashe tafasa da nonon kurciya. Yanzu komai ya yi rawaya, har ciyawar da na dasa. Ko za ta farfaɗo? Kuma zan iya yanke ta in ba akuyoyina? Daga wani ma'aikaci a Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ba akuyoyin, kada kuma ka bari su shiga filin. Abu na biyu da za ka yi yau ɗin nan shi ne ka ɗauke robar nan daga inda hannun yaro zai kai, domin maganin ciyawa a cikin robar lemo haɗari ne babba, yaro zai ɗauka abin sha ne. Ka koma wurin abokinka ka ga ainihin galan ɗin da maganin ya fito, idan kuma rubutun ya shige maka duhu, ka kai wa malaman gona na KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Katsina, su duba maka.

Yadda ciyawar ta canza zai nuna maka wani abu. Idan cikin kwana ɗaya ko biyu ta ƙone, mai yiwuwa farakwat ne, wanda manoma suka fi sani da sunan Gramoxone. Abin da ya taɓa kawai yake ƙonewa, ba ya sauka cikin saiwa, don haka ƙiri-ƙiri yakan sake tohowa daga jijiyoyinsa na ƙasa. Sai dai ga ɗan Adam yana cikin mafi muni, kurɓi kaɗan na iya kisa, ba shi da makari, kuma hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi a Najeriya daga farkon shekarar 2024. Idan kuwa a hankali ta yi rawaya, cikin mako ɗaya zuwa biyu, to, alamar gilayfoset ce, irin su Roundup, wanda ke bi ta ganye ya sauka har saiwa, kuma ba ya bambanta ciyawar ado da wadda ba a so. Ko a nan ma kada ka yi gaggawar kafcewa, domin ƙiri-ƙiri yana da taurin rai, sau da yawa feshi ɗaya ba ya gamawa da shi. Ka ba shi mako uku ko huɗu. Inda bai toho ba sai ka share busasshen ka dasa sababbin jijiyoyi, domin gilayfoset yana manne wa ƙasa ya daina aiki, ba ya hana sabon dashe kamawa.

Maganin da ya dace da abin da ka so yi tun farko shi ne 2,4-D, mai kashe ciyayi masu faɗin ganye ya bar dangin ciyawa. Amma duk abin da ke da faɗin ganye abin harinsa ne, har da zogale da tumatir da kuɓewa da furanni, naka da na maƙwabta, kuma iska kaɗan ta isa ta kai musu shi, zafin rana ma yana sa wasu nau'o'insa tashi kamar tururi. Mai son amfani da shi ya sayi wanda ke cikin mazubinsa na asali mai lambar NAFDAC, ya bi ma'aunin da aka rubuta, ya yi feshi da sassafe lokacin da iska ta kwanta, da takalmi da safar hannu da abin rufe hanci, ya kuma huda mazubin bayan ya ƙare don kada wani ya zuba ruwa ko mai a ciki. Ni dai a ganina filin tsakar gida, inda yara ke rarrafe kuma kaji ke kiwo, bai kai girman da zai buƙaci feshi ba. Tafasa da nonon kurciya suna tuguwa da hannu cikin sauƙi washegarin ruwan sama, tafasar ma da ba a fesa mata komai ba abin kwaɗo ce.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe Malam. Filin ciyawata mita 10 ne a mita 5. Na zuba masa takin awaki domin ya yi kyau, sai ga tuji da guɗe-guɗe da harƙiya ko'ina. Da rani kuma kuɗin 'yan ga-ruwa yana neman fin ƙarfina, ga shi duk da haka ciyawar ba ta cika ba. Me ya kamata in yi? Daga wani malamin makaranta mai ritaya a Daura.

AMSA: Tare da naka, Baba, Allah ya ƙara girma. Irin ciyayi da yawa yana ratsa cikin dabba ya fito da ransa, ga kuma wanda ke zuba daga harawa da ciyawar da ake ba su a turke, saboda haka ɗanyen taki shuka ce. Yana kuma janyo gara. Nan gaba a tara shi tsibi guda, a jiƙa, a rufe, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya tafi. Zafin da ke tashi a cikin tsibin, wanda ke kai digiri 55 zuwa 60, shi ke kashe yawancin irin.

Waɗannan ukun da ka ambata dangin ƙiri-ƙiri ne, don haka maganin masu faɗin ganye ba zai taɓa su ba, sai hannu da wuƙa, kafin su fitar da kai. Tuji ya fi son ƙasar da ta daɓe, inda ya yi yawa a huda ƙasar da rodi kamar yadda na bayyana wa mai tambaya ta farko. Abin da zai hana su dawowa shi ne cikar ciyawarka, domin irinsu ƙanana ne, suna buƙatar haske ya taɓa ƙasa kafin su tsiro, kuma inda ƙiri-ƙiri ya yi kauri hasken ba ya isa. Cika kuwa tana zuwa ne ta yanka da abinci da ruwa. A bar tsawonta a santimita 3 zuwa 4, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon a yanka guda, wanda ke nufin yanka kowane mako da damina. Masu yanka da adda sukan bari ta yi tsawo sannan su aske ta har ƙasa don kada su dawo da wuri, kuma wannan aski shi ke buɗe wa harƙiya ƙofa. Takin zamani kuwa, giram 10 na yuriya ya ishi kowane murabba'in mita, wato rabin kilo ga filinka duka, a watsa lokacin da ganye ya bushe, a bi shi da ruwa nan take, sau biyu ko uku a damina.

Lissafin ruwa shi ne inda nake so ka tsaya da kyau. Ƙiri-ƙiri na buƙatar kimanin lita 25 a kowane murabba'in mita a mako, wato jarka guda babba. Filinka murabba'in mita 50 ne, jarka 50 ke nan, lita 1,250 kowane mako, kuma da bazara buƙatar tana iya kusan ninkawa. Ina kyautata zaton abin da kake iya saye bai kai haka ba, sai ana yayyafa shi kullum a kan filin duka, ya jiƙa saman ƙasa kawai. Irin wannan yayyafi yana hana saiwar ciyawa nutsawa, yana kuma tsirar da irin da ke kwance a sama. Ruwa mai yawa sau biyu a mako, da sassafe, ya fi kaɗan-kaɗan kullum, kuma za ka gane ya isa idan rodi ya shiga ƙasa santimita 15 ba tare da wahala ba.

Shawarata, Baba, ita ce ka rage filin zuwa abin da ruwanka zai iya ɗauka. Ko mazauna Katsina da ke samun famfo daga madatsar Ajiwa, ruwan sha ne da aka kashe kuɗi aka tace suke zuba wa ciyawa, balle wanda ke saye jarka-jarka daga kuɗin fansho. Ka zaɓi wurin da ya fi samun rana, mita 4 a mita 3, wanda jarka 12 za ta ishe shi a mako, ka kewaye shi da bulo don kada jijiyoyin su bazu, sauran kuma a zuba tsakuwa ko a dasa zogale da lemun tsami. Ruwan alwala da na ɗauraya ana iya tara su a ba ciyawar, ban da ruwan wanki mai omo ko bilic, saboda gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa.

Idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Janairu, za ka ga girmanta ya ragu, launinta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Kada ka ɗauka ta mutu har ka sa a kafce, kuma kada ka zuba mata yuriya a lokacin. Ka rage yanka, ka ba ta ruwa mai kyau sau ɗaya a kwana goma ko mako biyu domin jijiyoyin su rayu, ka kuma yi amfani da watannin wajen tara takin da za ka zuba a farkon Yuni.